Akushi a Buɗe

Kwanakin baya na shiga tonon wata tsohuwar adaka a gidanmu na Zariya ina neman takardar fili, sai na ci karo da albam uku na hotuna. Nan take na manta da takardar, na baje su a tabarma. Ga Baba cikin babbar riga ranar sallah, ga Inna ranar da za ta tafi Makka, ga mu yara mun jeru kamar 'yan fareti, an mulke mu da mai har goshi yana ƙyalli. Hotunan sun haura 200, na shekaru kusan 20. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu hoton abinci ko ɗaya a cikinsu. Gida ne da ake tuƙa tuwo kowane dare, a toya waina kowace Juma'a, a dama fura da rana, amma ko malmala guda ba ta samu shiga albam ba. Idan ka ga abin ci, to faɗowa ya yi a gefe: kwalaben lemo a kan tebur ranar suna, ko kek ɗin bikin wata 'yar uwa wanda hannun ango ya rufe rabinsa.

Ban gama mayar da albam ɗin ba wayata ta yi ƙara. Autarmu ce daga Kaduna, ta turo hotuna bakwai na ɗanwake, tana cewa, "Yaya, don Allah duba mini, wanne zan ɗora?"

Dalili na farko da ya hana tuwo shiga albam kuɗi ne. Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, yana da shagon ɗaukar hoto a Tudun Wada, kuma a can nake yin hutun makaranta ina share daɓe, ina riƙe masa jaka idan za shi gidan biki. Fim ɗin da yake sa wa kyamara, na Kodak ko na Fuji, hoto 36 yake ɗauka, ƙarami kuma 24. Kowace dannawa kuɗi ce, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai wanki an dawo da shi bayan kwanaki. Wanda ya ƙifta ido ya ƙifta ke nan. A irin wannan hali, mutumin da ya ce a ɗauki kwanon miya hoto, dariya za a yi masa. Ana tanadin fim ne domin fuskar mutum: amarya, jariri, maniyyaci mai neman fasfo, ɗalibin da ya gama makaranta.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi. Abinci a gidan Bahaushe abin rufewa ne. Akushi yana da faifai, langa tana da murfi, samira tana da murfi, da kula ta zo ita ma da murfinta mai murɗawa ta zo. Idan aka aike ka da tuwo gidan maƙwabta, za a rufe kwanon, a ɗora wani a kai, a ɗaure da ƙyalle, a ja maka kunne kada ka tsaya a hanya. Akwai tsoron ƙura da ƙuda, akwai tsoron kambun baka, akwai kuma kunya. Amma Inna tana da nata bayanin: ido yana da haƙƙi. Wanda ya ga girkinka ya shiga rabo. Shi ya sa idan baƙuwa ta shigo ana kwashe tuwo, ba za ta fita ba sai an zuba mata, idan kuma ƙamshin suya ya tsallaka katanga, to ɗanɗano zai bi shi ta ƙofa.

Abin dariyar shi ne ba mu ƙi nuni ba. Shiga ɗakin amarya na wancan zamani ka ga jere: kwanuka da tasoshi da fanteka an gina su tun daga ƙasa har kusa da rufi, suna walƙiya. Kwanon da babu komai a ciki shi muke nunawa, wanda ke cike kuma mu rufe. Ko yabon abinci ma da ƙa'ida. Mutum ya kuskura daɗi ya kwashe shi ya yi magana yana cikin ci, sai a ce ya yi santi, a yi ta tsokanarsa har shekara ta zagayo.

A wasu ƙasashe abinci ya shiga gaban kyamara tun tana jaririya. William Henry Fox Talbot, ɗan Ingila da ke cikin waɗanda suka ƙago hoto, ya sa hoton kwandunan 'ya'yan itace, har da abarba, a littafin da ya fitar kashi-kashi tsakanin 1844 da 1846. Kyamarar lokacin tana son abin da zai daɗe bai motsa ba, abarba kuwa ba ta gajiya da zama. Mu namu ya jira waya. Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001, Instagram ya fito a 2010, a 2012 kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, alhali wani injiniyansa, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. Sannan wayoyin Tecno da Infinix da itel suka sa kyamara a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Da WhatsApp ya kawo sitatus na hoto a 2017, sai murfi ya tashi gaba ɗaya. Talabijin ma ta taimaka: tashar Arewa24 ta kira shirinta na girki Akushi da Rufi, sunan yana maganar rufi, aikin shirin kuwa buɗewa ne. Kawu ya rufe shagonsa a wannan tsakanin, wani ya karɓa yana sayar da caja da murfin waya.

Auta ta fara sayar da abinci ne a kullen korona na 2020, da azumi ya faɗo a cikinsa. Albashin mijinta ya tsaya, ita kuma hannunta yana da daɗi. Sana'ar mata daga cikin gida ba sabuwa ba ce. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta kan cinikin da matan aure ke yi ba tare da sun taka kasuwa ba. Su dafa a ciki, yara su ɗauka a kai su zaga da talla. Abin da ya sauya shi ne wayar ta karɓi aikin tiren talla. 'Yar talla tana da murya, abincinta yana da ƙamshi, mai saye yana iya cewa a buɗe ya gani. Hoto ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da ido kaɗai zai yi kiran ciniki.

Hotunanta na farko sun ba ni tausayi. Tuwon shinkafa da miyar kuka, an ɗauka da dare a kicin, da filasha. Tuwon ya fito fari fat kamar an watsa masa farar ƙasa, miyar ta yi baƙi tana ƙyalli, ga inuwar kanta ta faɗa cikin kwano, ga soson wanke-wanke yana leƙe daga gefe. Na san daɗin miyar nan, amma da ban santa ba, ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Da muka haɗu a Zariya bayan an buɗe hanya, na ce ta nuna wa Kawu. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yar nan, girkinki ba shi da laifi. Haskenki ne ya ci amanarki."

Washegari da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Inna, daga ciki, inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Ya ce a kashe ƙwan lantarki. Bayaninsa shi ne kowane haske da launinsa: tsohon ƙwai ja-ja yake bayarwa, fitila mai caji shuɗi-shuɗi, idan suka haɗu da na rana sai kyamara ta rikice, shinkafa ta fito kamar ta kwana. Haske ɗaya ya isa, kuma babu kamar na Allah. Na tsakar rana a fili yana da zafi, yana yanka inuwa baƙa ƙirin. Na hantsi da na la'asar, ko wanda ya shigo ta ƙofa da taga, shi ne mai taushi. Filasha kuwa ya ce ta manta da ita, domin tana fitowa ne daga inda ido yake, ta daki abinci a fuska, ta shafe duk wani tudu da kwari.

Sai ya juya kwanon yadda hasken zai zo daga gefe, ɗan baya kaɗan. Nan take tuwon ya yi jiki, ana ganin sawun mara a kansa. Ɗaya gefen ya yi duhu, sai ya ce in kawo farin ɗankwalin Inna in riƙe a wajen. Hasken ya daki ɗankwalin ya dawo, inuwar ta yi sauƙi. Abin da yake yi wa fuskar amare da farar lema a shago, shi ya yi wa malmala da ɗankwali. Farar takarda ko murfin tukunya mai ƙyalli duk suna yin wannan aiki. Tururi ma a nan ya bayyana. Ba ya fitowa sai haske ya ratso shi daga baya, kuma bayansa akwai duhu. Ƙofar katako mai duhu ta ishe mu.

Sauran darussan mun tsinto su ne a hankali, yawanci bayan mun yi kuskure. Kafin komai a goge idon kyamara da gefen riga, domin wayar da ta kwana a kicin ba ta rasa maiƙo, kuma rabin hotunan da ke fitowa da hazo daga nan ne. Idan abinci fari ne, tuwo ko sinasir ko nono, a taɓa shi a allon waya, a ja hasken ƙasa kaɗan har ramukan sinasir su fito. Kada a jawo hoto da yatsu, gara a matsa da ƙafa. Amma kada a kusanta ƙwarai, saboda kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, sai cokali ya fi kwano girma. A goge bakin kwano inda miya ta ɗiga. A duba kusurwa huɗu na hoton kafin a danna, domin a nan silifa da bokiti suke ɓuya.

Kowane abinci kuma da inda ake tsaya masa. Abin da yake shimfiɗe, kamar waina a tanda, ɗanwake da ƙwai da tumatir, ko tiren buɗa-baki mai ƙosai da dabino da kankana, daga sama ake ɗaukarsa, a miƙe, a kula kada inuwar hannu ta shiga. Tuwo da miya suna son a kalle su yadda mai ci yake kallonsu idan ya zauna, a ɗan karkace. Abin da ke da tsayi, kofin zoɓo, funkaso da aka ɗora kan juna, curin fura a ƙwarya, sai a sauko daidai da shi. Kilishi kuwa a ɗaga shi haske ya ratsa, jan ya fito, a ga gyaɗa da yaji. Ba dole kwano ya zauna a tsakiya ba. Idan ya ɗan koma gefe, ludayi ko ƙoshiya suka cike ɗaya ɓangaren, ido ya fi samun wurin yawo.

Miyar kuka ita ta fi ba mu wahala, kuma ita ta fi koya mana. Ba ta da launin da ke kiran ido, ga ta kore mai duhu, ga yauƙi. A farin faranti sai ta zama kamar tabo. Inna ce ta warware matsalar ba da niyya ba, ranar da ta ce a zuba wa Kawu a tsohon akushin Baba. Baƙin icen ya sa farin tuwo ya tashi, koren miya ya fito fili, cokali guda na man shanu ya narke a kai yana kama haske. Kakanninmu da suka zaɓi baƙin akushi don farin tuwo, da ƙwarya mai ruwan ƙasa don farin nono, sun san abin da ido ke so tun kafin a ƙera kyamara. Daga ranar Auta ta ajiye farantan roba masu furanni. Ta koma ga faifai, tabarmar kaba, ƙwarya, tire na azurfa maras zane, da hannun mutum yana gutsura, wani lokaci da lalle a yatsu. Hannu yana nuna girman abinci, yana kuma nuna cewa ci za a yi.

Da na ƙara lura, sai na ga 'yan kasuwarmu sun daɗe da wannan ilimi. Mai tsire yana kafa tsinkensa a zagaye da tukuba yadda wuta za ta haska kitsen. Mai lemo yana fere shi da zane ya gina dala. Mai fura tana wanke ƙwarya har ta yi fes ta jera ludaya. A gida ne ake rufewa, a kasuwa kullum a buɗe yake. Abin da waya ta yi shi ne ta shigo da kasuwa har tsakar gida.

Akwai kuma gaggawa. Tuwo yana yin ɓawo, taliya tana bushewa, a hunturu man shanu yana daskarewa kafin ka gyara tsayuwa. Dabarar ita ce a shirya komai da kwano maras komai, a gwada haske, a zaɓi wuri, sannan a zubo abinci a ɗauka cikin minti ɗaya ko biyu. Mijin Auta ya sha cin tuwo mai sanyi kafin ta gane wannan.

Inda muka yi saɓani da ita shi ne wajen kwalliya. Ta gano manhajojin da ke ƙara launi, sai dafa-dukarta ta koma ja jawur kamar an zuba mata garura, naman da ke ƙasan tukunya duk ya hau sama. Oda ta ƙaru mako biyu, sannan ƙorafi ya biyo baya. Wata mata ta rubuto mata cewa abin da ta gani daban, abin da ɗan aike ya kawo daban. Wannan ruɗi ya girmi waya. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta binciki tallar miyar gwangwani ta kamfanin Campbell, saboda an zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano don kayan miyar su taso sama su yi yawa a ido. Yau ma abin ya wuce nan, tun da kwamfuta tana iya ƙirƙiro hoton girkin da ba a taɓa ɗora tukunyarsa ba. Kawu ya ce a zamaninsa yakan gyara wa amarya zama, ya juya ta inda haske zai yi mata adalci, amma bai taɓa ba ango hoton wata ba. A gyara haske, a gyara zama, a goge kwano, duk halal ne. Amma yankan nama uku da ke hoto su ne ukun da za su isa gidan mai saye. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ban ce duk canjin nan asara ba ne. Akwai girke-girken gargajiya, irin su dambun zogale na tsakin masara, alkubus, fate-faten acca, da ɗanmalele, waɗanda 'yan mata suka sake koya saboda sun gan su a waya sun yi kyau. Bahaushen da ke Kumasi ko Khartum ko Jidda yana ganin wainar garinsu ya ji gida. Mata da yawa suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da hoton da suka ɗauka a bakin taga. Ni kaina zan ba da abu mai yawa in samu hoto guda na tuwon dawar kakarmu a akushinta, da hannunta a gefe. Babu shi, kuma ba za a taɓa samu ba. Albam ɗinmu sun adana fuskokin mutanen gidan, suka bar abin da ya tara su kowane dare.

Amma maganar Inna ba ta tsufa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa sun rage tukunya. A azumi, dab da magariba, sitatus yana cika da farfesu da soyayyar kaza, kuma cikin masu kallo akwai wanda ruwa da ɗan kunu kaɗai ke jiransa. Da can katanga tana kare shi daga ganin tukunyar maƙwabci. Yanzu tukunyar tana cikin aljihunsa. Mai sana'a tana da uzuri, talla take yi. Wanda ba ya sayar da komai, ya ɗora don a gani kawai, shi ne nake ganin santi yake yi, santin da jama'a ɗari suke ji.

A azumin bara Auta ta zo gida, ta jera kayan buɗa-baki a tabarma, ta ɗauka, ta ɗora. Bayan an sha ruwa ta matso kusa da Inna tana nuna mata da murna. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta yaba, ta ce ƙosan kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Sannan ta tambaya, "Wannan lambar ta ƙasa fa?"

"Waɗanda suka gani ne, Inna. Mutum 300 da wani abu."

Inna ta yi shiru, ta miƙa mata wayar. "To, Auta, kin ci bashin kwano 300."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Auta ba za ta iya biyan wannan bashi ba, ita ma Inna ta sani. Amma tun daga lokacin, kwanon da aka zuba don hoto ba ya komawa tukunya, ba ya kuma shiga oda. Shi ne mafi kyau a girkin ranar, an goge bakinsa, an ɗora masa nama a sama. Da ta gama ɗauka sai ta rufe shi da faifai, ta kira yaro ya kai wa wata tsohuwa da ke bayan layinsu, ta ja masa kunne kada ya tsaya a hanya.

Na koma kan hotuna bakwai na ɗanwaken nan, na zaɓi na huɗu. Haske ya shigo daga hagu, man gyaɗa yana ƙyalli kaɗan, yaji ya zuba a gefe, kuma a can kusurwa ana hango bakin faifan da ke jiran a gama.